Ranar da Na Kasa Bin Makarar Babana

Babana ɗan dako ne a bakin iyakar Magama. Kafin baro da babur su yi yawa, da ka yake ɗaukar buhu daga tashar Jibiya zuwa inda motocin Maraɗi ke tsayawa, ya dawo da wani. Ni kuwa, babban ɗansa, zaman shago na gada daga son jiki, ina sayar da katin waya. Ko masallaci sai a babur. Teɓa ta fito, hawan jini ya biyo ta. Likita ya ce in riƙa tafiya da sauri har in ji zuciyata na bugawa, wai saurin ƙafar mutum yakan nuna ƙarfin da ya rage masa. Na ce to, na hau babur na koma shago.

Abu ɗaya Baba ya taɓa roƙona: ranar da ya cika, hannuna ya kasance cikin masu sa shi a kabari.

Da hantsi ya rasu. Kafin azahar abokan dakonsa sun hallara, har da waɗanda suka tako daga ƙetare. Tsofaffi ne ramammu, gemu fari fat, dugadugai duk faso. Ana idar da salla suka sa kafaɗa suka ɗauki makara. Ba a jan ƙafa da gawa, kowa ya sani. Maƙabartar kuma tana can hanyar Mazanya, cikin rairayi, kuma ɗa ba ya bin makarar mahaifinsa a kan babur.

Na kama gefe ɗaya. Ba mu wuce layin manyan motoci ba wani tsoho ya zame kafaɗarsa ƙarƙashin itacen, ya karɓe ni.

Ina biye da su a baya na ga abin da ban taɓa lura da shi ba, ko da yake a gabana aka yi shi tun ina yaro. Taku gajere ne, amma ba ya yankewa. Makarar ba ta girgiza ko kaɗan. Suna canjin kafaɗa ba tare da sun tsaya ba, suna kalmar shahada da murya cikakkiya, babu mai haki. Mutanen da a haife sun haife ni, ga kaya a kafaɗa, ga rana, ga rairayi. Tsigar jikina ta tashi. Na ce, Allah, ashe haka ka gina jikin ɗan Adam, mu ne muke zaunar da shi.

Sai suka fara yi mini nisa. Ƙirjina ya ɗauki zafi, kunnena na amo, takalmi na nutsewa. Matasa suka wuce ni, gurgun unguwarmu ma ya wuce da sandarsa. Na tsaya na dafa gwiwa sau biyu. Tsoro ya kama ni sosai, don na san za a iya rufe shi ban iso ba.

Da na ƙarasa, na tarar da jama'a tsaye, makara a gefen rami, ba a taɓa ta ba. Tsohon da ya karɓe ni, mutumin Maraɗi, ya miƙo mini buta.

"Baba, ku gahwarce ni," na ce wa tsohon, da ƙyar.

"Mi za a gahwarta, ɗana? Tun ƙohwar gida munka ji numhwashinka, munka rage tahiya. Tsohonka bai taɓa tahiya sannu kamar yau ba. Kurɓi ruwa ka zo, kai shika jira."

Na kurɓa, na durƙusa ta wajen kansa. Na miƙa hannu, sai tsohon ya sa nasa a ƙarƙashin nawa, muka saukar da Baba tare.