Wainar Matattu Ranar Buɗe Rumfa

Gil Okbun ta shekara talatin da huɗu tana dafa wa matattu abinci kafin ta sayar wa mai rai ko cokali ɗaya. Matar babban ɗa ce a gidansu, don haka duk ranar tunawa da wani kakan mijinta, sau tara a shekara, ita ce a gindin murhu tana shirya teburin magabata. Da mijin ya rasu, ɗanta Dohyeok ya ce ta tattara ta koma Seoul ta riƙa kai jikoki makaranta. Ta ce ƙafarta ƙafar garin nan. Ta kama rumfar da ke jikin tawa, inda nake matse man riɗi, wai za ta sayar da kimchi, wato kabeji mai tsami da yaji, da ganye da soyayyen kifi. Dohyeok ya ba ta wa'adi zuwa bikin kaka, lokacin girbi da kowane gida ke shirya wa magabata tebur: in rumfar ba ta tsaya da ƙafarta ba, zai zo da mota ya ɗauke ta.

Matar nan ko kiran mai saye ba ta iya ba. Na sha kama ta tana gwada "sannu da zuwa" a kan kwalabena.

Ranar buɗe rumfa kowa ya san a kasuwarmu wainar shinkafa mai jan wake ake raba wa maƙwabta, don ja ke korar tsiya. Da Okbun ta ɗaga murfin madambaci, sai ga waina fara fat. Tsoro ya tafi da hankalinta, hannu ya yi abin da ya saba: ta surfe waken tas, kamar yadda ake yi wa magabata don kada ja ya kore su daga teburinsu. Sabo turken wawa.

"Yaya, na shiga uku," in ji ta.

"Rufe maza, in je in sayo wata."

Ban kai ga ɗaukar jakata ba sai ga tsohuwa Seol mai busasshen kifi, wadda bakinta ya fi kifinta gishiri. Ta leƙa madambacin ta tafa hannu.

"Maman Dohyeok, wa ya mutu? Ko rumfar ce tun ba a buɗe ba? Ku zo mu yi mata gaisuwa."

Layin ya kwashe da dariya. Ni kam haushi ya kama ni, don rabin masu dariyar surukansu ke shirya musu tebur. Daga ranar aka raɗa wa wurin suna rumfar makoki, masu saye suka riƙa ratsewa. Sati biyu Okbun na zaune a bayan tulunan kimchi kamar wadda ta yi sata, kifin da ta soya kuwa ni da ita muke cinyewa.

Wata safiya na tarar ta rataye kwali a gaban rumfar da manyan baƙaƙe: ANA SHIRYA TEBURIN MAGABATA.

"Kin haukace ne?" na ce. "Abin da ake miki gori da shi za ki rataya?"

"Sun ce abincin matattu kaɗai na iya. Ai gaskiya suka faɗa, Yaya. To a nuna mini wadda ta fi ni iya shi a kasuwar nan."

Seol ta aiko cewa kwalin zai jawo wa layi baƙin jini, a sauke shi. Okbun ta ƙara masa ƙusa.

Wadda ta fara tsayawa wata ma'aikaciyar banki ce, amarya, saura kwana biyu tunawa da marigayi surukinta, ba ta ma san inda kan kifi ke fuskanta ba. Matar da ba ta iya "sannu da zuwa" ba sai ga ta ta yi rabin awa tana bayani: kan kifi gabas, ban da tafarnuwa, ban da barkono, waina fara. Amaryar ta faɗa wa abokan aikinta, su ma suka faɗa wa nasu. Ashe garin cike yake da 'yan boko masu tsoron idon dangin miji.

Ana saura kwana uku bikin kaka sai ga Seol ta zo, tana ta juya wata kwalbar maina da ba saye za ta yi ba. Yatsunta sun kanannaɗe da sanyin ƙashi, surukarta kuma ta ce bana ba da ita ba.

"Teburin marigayi maigidana nake so," ta ce wa Okbun, idonta na kan kwalbar. "Ɗan ƙarami."

"Wainar ja ko fara, Goggo?" in ji Okbun.

"Ke kin sani."

Okbun ta tashi ta jiƙa wake. Na so ta rama, wallahi na so.

Jajiberin biki Dohyeok ya faka mota a bakin layi, ya ɗaga murfin baya don kayan uwarsa. Ya same ta tsakanin akwatuna ashirin da uku, kowanne da sunan gida a jiki.

"Umma, mun yi magana fa."

"Mun yi. Madalla da ka zo da mota." Ta ɗora masa akwatin farko a hannu. "Wannan na gidan Goggo Seol ne. Riƙe shi daidai, kan kifin na gabas."