Alamar fure da gonar shinkafa

"Malam, gonar Baba ta ƙi fitowa!"

Ɗalibata Rabi ke nan, a Kura, wajen 2008. Washegari za a yanke shinkafar, tana son yayanta da ke karatu a Zariya ya ga hoton gonar, amma duk ya yi dishi-dishi.

Na duba kyamarar da na ara mata. Ashe ta murɗa maɓallinta zuwa alamar fure, ba ta tsauni ba.

"Me ya sa fure?"

"Shinkafa ai shuka ce, Malam. Tsauni kuma ina muka gan shi a Kura?"

Na yi dariya, na ce fure na abin kusa ne, tsauni na nesa. Ta juya maɓallin zuwa tsauni, ta ɗauka. Gonar ta fito tas, har da Baba yana korar tsuntsaye.

Tunaninta daidai ne, kyamarar ce baƙuwa. Ku wace alama ta taɓa ruɗa ku?