Baba Sai-Ya-Bushe da Bangon Azurfa

Kowace safiya, kafin ya buɗe gwangwanin fenti, sai ya shafa bango da tafin hannu kamar mai gaisawa da tsohon aboki. Sannan ya shimfiɗa tsummoki a ƙasa, ya jingina tsani, ya yi bismillah. Haka yake yi tun gashinsa na baƙi wuluk. Unguwa ta laƙaba masa Baba Sai-Ya-Bushe, domin duk wanda ya tambaye shi yaushe zai gama, amsar ke nan.

Bana gwiwa ta hana shi hawa tsani, ya ajiye buroshi. Amma masu ba da labarinsa ba sa tsallake aikin gidan wata tsohuwar tela.

Mijinta ne, Allah ya ji ƙansa, ya shafe falonsu da fenti mai ruwan azurfa da hannunsa, lokacin suna ango da amarya. Da aka yi mata aikin ido, ƙyallin ya zame mata azaba. Rana na faɗowa kan bangon sai hawaye. Ta daina zama gaban kekenta. Duk da haka, in aka ce a shafe, sai ta kau da kai.

Ɗanta ne ya kira Baba.

"Baba, ka ɗora fari kawai a kai, yau-yau mu huta."

"Kai yaro, wannan fentin santsi gare shi kamar bayan kifi. In na ɗora, gobe ya ɓare, azurfar ta leƙo tana yi maka dariya."

Ya wanke bangon da ruwan sabulu, ya goge shi da samfefa, takardar nan mai kaushi, har ƙyallin ya mutu. A bayan ƙofa hannunsa ya tsaya cak. Ga shatin yatsu biyar a cikin tsohon fentin.

"Hajiya, zo ki gani. Hannun wa ke nan?"

Ta matso, ta ɗora nata a kai. "Na mijina ne. Zamewa ya yi daga kan kujera ya dafa. Na yi ta yi masa dariya, shi kuwa ya ce sa hannun mai gida ne."

Baba ya ɗauki buroshi. Ya yi shafen farko mai riƙe fenti, ya jira, ya bi da fenti mai ruwan madara mai sanyin ido. Wurin yatsun nan kuwa ya kewaye shi da siririn buroshi, ya bar shi yadda yake.

Kai ne, Baba, mai sauraron bango kafin ya rufe shi. Kai ka san abin da ake gogewa da abin da ba a taɓawa. Allah ya saka maka, ya ba gwiwar nan lafiya. Masu tasowa, ku koyi buroshinsa, ku haɗa da haƙurinsa.

Yau keken tela na ƙara a falon nan. In Hajiya ta rufe ƙofa, hannun yana nan yana ƙyalli, daidai yadda idonta zai iya ɗauka. Ranar da aka gama ta kai hannu za ta shafa sabon bangon, Baba ya yi murmushi.

"A'a, Hajiya. Sai ya bushe."