Firmin Lambotte, Mai Bin Sawun Ruwan Sama

Duk ranar da aka wayi gari da ruwan sama a ƙauyenmu na tsaunukan Ardennes, kowa ya san abin yi. Mai burodi ya ƙara wa tanda wuta, masu keke su leƙa ta taga su koma cikin bargo. Mutum ɗaya ne ruwan yake kira waje. Firmin Lambotte zai dafa kofi ya cika filas, ya naɗe burodi da cuku a takarda, ya zura takalman roba da tsohuwar rigar ruwa, ya saɓa diga da manjagara, ya ja ƙofa. Ba ya kulle ta. Tun da matarsa Odile ta rasu, shekara tara ke nan, ya ce babu abin da ɓarawo zai samu a gidan sai shiru, kuma in yana so ya ɗiba.

Aikinsa kula da hanyar keken da ta zagaye dajinmu. Kilomita goma sha takwas ce: ta tashi daga gada, ta hau tudu cikin dogayen itatuwa, ta bi bayan tsohon gidan sufayen Kirista, ta gangaro inda ta faro. Masu taswira sun ce matsakaiciya ce, ba ta gagari malamin makaranta ba, ba ta kuma raina gwani ba. Shekara ashirin da shida Firmin yana taka ta da ƙafa, bai taɓa zagaya ta a kan keke ba ko sau ɗaya. Nasa keken mai kwando ne, iyakarsa gidan burodi.

Yakan bi hanyar ta inda masu keke ke fitowa, don ya hango su kafin su yi karo da shi. Saboda haka hirarsa da dubban mutane ba ta wuce ƙiftawar ido ba. Su ce sannu, kafin ya ɗaga hannu sun sha kwana. Kaɗan ne suka san sunansa. Yawancinsu tsoho mai diga suke ce masa.

Dalilin fitarsa cikin ruwa yana ƙasan tudun. Kashi ɗaya cikin uku na hanyar ta dajin sufaye ya ratsa, a gindin dajin kuma akwai idon ruwan da suke sha tun shekara ɗari takwas, da shi suke wanke tukwanen cuku. Lokacin da ƙungiyar masu keke ta nemi izinin wucewa, babban sufi na wancan zamani bai nemi a rubuta komai ba. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: muddin ruwan yana fita garau, ƙofar dajin a buɗe take. Tun daga ranar, bayan kowane ruwa mai ƙarfi, Ɗan'uwa Anselme, sufin da ke kula da idon ruwan, yakan ɗebo a kofin gilashi ya ɗaga saitin taga ya duba.

To, taya tana yin gurbi a ƙasa, ruwan sama ya bi gurbin, ya kwashi laka ya nufi gangare. Maganin abin shi ne 'yan magudanai da ake yanka a gicciyen hanya, su karkatar da ruwan cikin ganye tun bai yi ƙarfi ba. Ɗari da arba'in da uku ne, Firmin ya san kowace. Ganye ya toshe wannan, aladen daji su tone waccan, shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana jiƙe sharkaf. In ka tambaye shi me ya hana ya jira rana ta fito, sai ya dube ka da tausayi. Wai busasshiyar ƙasa ba ta nuna maka komai, sai ruwan yana tafiya kake ganin inda ya nufa.

In ya iso bangon sufaye, sau da yawa yakan tarar da Ɗan'uwa Anselme a bakin ƙaramar ƙofa.

"Firmin, yau ma kai da kwaɗi ne kaɗai a dajin?"

"Su ne dai, Ɗan'uwa. Sun ma fi ku hira."

"Mu alkawarin shiru muka ɗauka. Kai wa ya sa ka?"

"Ni ban samu mai saurare ba ne."

"Shigo ka sha miya, tana kan wuta."

"Bari in leƙa kwana ta uku tukuna."

Anselme ya ce da ni a shekara ashirin da shida sau huɗu kacal Firmin ya shiga shan miyar nan. Kullum akwai kwanar da bai leƙa ba.

Shekara uku da suka wuce aka yi masa aiki a gwiwar dama, ya kwanta wata biyu. Ghislaine Dethier, shugabar ƙungiyar masu keke, mace ce mai kirki da zafin nama, ta ga ya kamata a hutar da tsoho. Ta tara mutum talatin wata Asabar da rana ta fito tarwai. Aka zo da shebur da igiyar awo, aka gasa nama, aka ɗauki hotuna. Suka cike wasu tsofaffin magudanan Firmin don sun ga a karkace suke, suka yanka sababbi tsaf, ɗaya a kowane taku ashirin, duk suna kallon hagu, don a ido hagu ce ta fi gangara. Ba wanda ya tuna cewa idon ruwan sufaye ne ke hagu.

Ran Talata aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ran Laraba Anselme ya ɗaga kofinsa, sai ga shi kamar kofi da madara. Sufaye suka zubar da cukun mako guda, sabon babban sufi ya sa aka garƙame ƙofar daji.

Firmin ya je wurin babban sufi da sandar guragu. Bai ambaci sunan kowa ba. Ya ce hanyarsa ce, laifin kuma nasa ne tunda bai taɓa koya wa kowa ba. Ya roƙi a ba shi damar ruwan sama ɗaya ya gyara. Aka ba shi. Anselme ya ce ta saman bango ya riƙa hango shi kwana uku a jere, sanda a hammata, diga a hannu ɗaya, yana durƙusawa da gwiwar da aka ɗinke yana kallon inda ruwa ke bi, ya sara nan, ya toshe can. Ba kowa a dajin sai shi. A rana ta tara idon ruwan ya washe. Babban sufi ya buɗe ƙofa da hannunsa, ya kuma faɗa a gaban kowa cewa in aka sake, kwaɗon ƙofar ba zai ƙara buɗuwa ba.

Ghislaine ta same shi a gida idonta ya yi ja.

"Baba Firmin, mun yi maka ɓarna."

"Aiki kuka yi, 'yata. Rana ce ta yi muku ƙarya."

"Ka yi mana faɗa mana, ko hankalina ya kwanta."

"Faɗan me? Naman dai da kuka gasa ba ku rage mini ba, wannan kam na riƙe."

Kai ne, Firmin, wanda ba a ganin aikinsa sai ranar da bai yi ba. Kai ne ka sa uwa ta bar 'ya'yanta su hau tudun nan hankalinta kwance, ka sa tsofaffin sufaye suka jure ƙarar birki a bayan ɗakin addu'arsu. Mai diga, abokin kwaɗi. Mun wuce ka da gudu shekara da shekaru muna jin daɗin santsin hanya, muna zaton haka Allah ya halicce ta. Ina jin kunyar wannan, kuma gara in faɗa tun kana raye.

Watan jiya gwiwar hagu ita ma ta ce ta gaji. Likita ya hana shi hawan tudu har abada. Ƙungiya ta shirya masa walimar ban kwana wata Lahadi mai rana, aka yi jawabai, aka ba shi kyautar hular kwano, mutumin da kekensa bai taɓa wuce gidan burodi ba. Ya karɓa ya yi godiya. Aka zagaya da takarda, mutum arba'in suka sa suna za su riƙa zuwa ranar Asabar. Firmin ya duba sunayen, ya tambaya a hankali, "In aka yi ruwan ran Laraba fa?" Kowa yana da wurin aiki, kowa yana da yara. Can wani ya sa kiɗa.

Larabar da ta wuce kuwa aka tashi da ruwa. Na biya ta gidansa da safe a hanyata ta zuwa ofis. Na same shi a kicin, zaune a kujera, ya sa rigar ruwa da takalman roba, diga a jingine da tebur.

"Ina zuwa, Baba?"

"Babu. Jiki ne ya saba, sai da na gama shiri na tuna."

Ya yi kasaƙe yana sauraron rufi.

"Yanzu ganye ya cika magudanar kwana ta uku," in ji shi. "In ruwan ya ƙara awa biyu a haka, zai tsallake ta. Idon Anselme ya yi rauni, amma ba zai yi mana ƙarya ba. In ya ga laka, zai ce laka."

Na duba agogo. Na ce masa Allah ya kyauta, na shiga mota na tafi aiki. Ni ma ban hau tudun ba. Ruwan ya tsaya da kansa kafin tsakar rana, shi ya sa har yanzu da nake wannan rubutu ƙofar a buɗe take. Amma kaka ta shigo, ganye sai zuba yake yi, manyan ruwan kuma suna gaba.

Mun gode, Firmin. Allah ya saka maka, ya sanyaya maka gwiwoyin nan da ka ƙarar a kanmu.

Ku kuma masu hawa, ni da ku, jawabai sun isa haka. Ba mutum arba'in ake nema ba. Mutum ɗaya ake nema wanda zai yarda ya jiƙe ba mai ganinsa. Tsohon ba zai iya hawa ba, amma magudanan nan duka suna cikin kansa, kuma a shirye yake ya juye su ga duk wanda ya zo. Ranar da kuka farka kuka ji ruwa a kan rufi, ku sani akwai wani zaune a kicin da takalma a ƙafarsa, yana jira ya ji an ƙwanƙwasa.