Ƙwaryar Goggo a Kaina

Shekarun da kuɗin mai suka shigo, kowa a Kankiya so yake ya ɗinka babbar riga. Ni kuwa tela ne a bakin titi, tun safe ina duƙe kan keke har la'asar sakaliya. Ban kai talatin da biyar ba bayana ya ƙage. Wata Juma'a na yi ruku'u na kasa ɗagowa, sai da na dafa na kusa da ni. Tsoro ya kama ni ƙwarai, kada in koma sallah a zaune da ƙuruciyata.

Goggona, ƙanwar mahaifina, a rugar Kaikai take aure. Ta shekara arba'in tana kai nono kasuwar Kusada a ka, amma tsaye take kyam kamar tabarya. Da ta zo duba ni, ko maganar magani ba ta yi ba. Ta naɗa gammo, ta cika ƙwaryarta da ruwa, ta aza mini, ta ce in taka zuwa bakin rijiya.

Taku uku na jiƙe sharkaf.

"Ɗan nan, mi kake ma sauri?" in ji ta. "Bar tunanin ƙwarya. Ji inda nauyin ya sauka, ka saki kafaɗa."

Na saurara, sai na ji abin da ban taɓa lura da shi ba. Kafaɗata ta dama a ɗage take, haƙorana a cije, numfashi ma riƙe shi nake. Kwana huɗu muna yi, har na fara jin sauƙi.

Rana ta biyar abokan sana'ata biyu suka leƙo, suka ga ƙato da gammo. Ɗaya ya tambaya ko nawa nake sayar da kindirmon. Zuciya ta ɗebe ni, na yi jifa da ƙwaryar, ta tarwatse. Da ita aka kai Goggo ɗakin miji.

Ta lanƙwasa gwiwa, bayanta a miƙe, ta tsince sakainun ɗaya bayan ɗaya, ta miƙe ba ta dafa komai ba. Washegari ta koma Kaikai, ni kuma na koma kan keke. Na yi ta cewa zan je in ba ta haƙuri bayan ɗinkin sallah, har ta rasu ban je ba.

Yau shekara da shekaru a kan kujera nake sallah, a ƙarshen sahu. In liman ya yi ruku'u, kai kawai nake sunkuyarwa.