Yadda Aka Raba Ni Biyu Saboda Kaset ɗin Dada

Kaset ɗaya tak muke da shi wanda mahaifiyarmu, Dada, take ciki tana motsi. A bikin ƙanwarmu aka ɗauka a garin Mutum Biyu, kuma shekara ba ta zagayo ba Allah ya karɓi ran Dada. Hotunan kati akwai su, amma a cikinsu duk ta ɗaure fuska kamar wadda aka kai ƙara wurin alƙali. A kaset ɗin nan ne kawai ake jin muryarta. Ni aka bar wa ajiyarsa a gidanmu na unguwar Sarkin Dawaki, don 'yan'uwa sun san ba na zuwa ko'ina, abin da aka ba ni ma ba ya zuwa.

Wata damina, wajen ƙarshen shekarun casa'in, na ciro shi daga akwatin zannuwa sai na ga fumfuna ta kama zaren. Muka saka a bidiyo, ya yi wani irin kuka, ya tauna gefe. Da ƙyar maigida ya zaro shi da tsinke. Mai gyaran rediyo ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Hajiya, kallo ɗaya ya rage masa. Ku zaɓi ranar."

Autanmu, mai kira na Adda, wato yaya, ya yi karatun kwamfuta, yana aiki a sakatariya. Shi ya ce zai juye Dada cikin kwamfuta, inda fumfuna ba ta shiga. Ɗakinsa na haya yana yoyo, don haka ya kwaso kayansa ya jibge mini a falo, a kan teburin da nake jera kwanukana na ado. Akwai wani ɗan allo kore mai haƙora da ya cusa a cikin injin, ya ce ta nan hoto zai shiga. Na ce to bismilla, ga kaset.

"A'a, Adda. Sai na gwada tukuna. In na saka yanzu ya shiga a karkace, shi ke nan, ba na biyu."

Ya aro kyamara ya kafa ta tana kallon ƙofar falo, ya jona da injin, ya ce in yi tafiya daga kujera zuwa ƙofa. Na yi. Da na waiwaya na kalli gilashin kwamfutar sai na yi salati. Kaina da kafaɗuna sun isa ƙofa, amma zanina da ƙafafuna suna nan tsaye a gaban kujera, ba su da niyyar biyo ni.

"Auta, me ka yi mini?"

Ko a jikinsa. Ya ce laifin wani rubutu ne da ke can cikin cikin injin, wanda ke karɓar hoto daga kyamara ya miƙa wa gilashi. Ya ce in ɗauka bokitai ne a bakin famfo. Ana tara hoto a ɗaya, in ya cika a ɗauke, a tura wani. To wanda ya rubuta abin yana ɗauke bokiti tun bai cika ba, sama sabon hoto, ƙasa tsohon da ya kwana.

Na ce, "To ka ce masa ya jira ya cika mana."

"A wuri uku aka rubuta zancen bokitan, Adda, kowanne da irin nasa. In na gyara nan, can ya ɓalle. Sai na tattara su wuri guda tukuna."

Haka muka shiga. Ya tashi daga ofis ya zo, ya ci tuwona, ya zauna yana ƙwanƙwasa, ni kuma ina jiran a kira ni aiki. Don gwajin ba ya yiwuwa sai da abu mai motsi, kuma ni ce kullum a gida. "Adda, zo ki wuce." In wuce. "Da sauri." In ƙara sauri. "Ɗaga faranti ki kaɗa." In kaɗa faranti, miya tana ƙonewa a madafa. Wani lokaci ya taɓa abin da bai kamata ba, injin ya sandare gaba ɗaya da ni a ciki baki buɗe, sai an kashe an kunna. Wani lokaci kuma a ɗauke wuta ina tsakiyar falo da ƙafa ɗaya a sama.

Bayan kwanaki masu yawa ya kira ni yana murna har da tafi. Na wuce gaban kyamara, na duba. Kai a ƙofa, ƙafafu a kujera, daidai da ranar farko.

"Kin gani? Bai canza ba!"

"Shi ne abin tafi?"

"Na kwashe komai na mayar wuri ɗaya, kuma ko ɗigo bai canza ba. Ai nasara ke nan."

Na ce, "Auta, tuwon da ka ci a gidan nan, in da lebura na ba ya gina mini katanga. Kai ka rushe ka mayar yadda take, har da tsagar."

Maƙwabciyata, wata nas 'yar ƙabilar Mumuye, ta leƙo ta taga ta gan ni ina kai da komowa da faranti ni kaɗai. Ta shigo a hankali ta dafa goshina. "Maman yara, kina lafiya? Wannan abu ya fara yaushe?" Da aka nuna mata gilashin ta zauna a ƙasa don dariya, daga ranar kuma ta ɗauki aikin ba albashi, in ta taso daga asibiti mu riƙa wucewa tare.

Abin da ya kawo ƙarshen haƙurin gida shi ne ranar da maigida ya dawo da wani babba a ofishinsu, mutum mai gemu da carbi. Na kauce daga ƙofa, baƙon ya tsaya daidai inda na bari yana sallama. Sai ga shi a gilashi, hula da gemu a sama, daga ƙugu zuwa ƙasa zanina mai furanni da lalle a ƙafa. Ya daɗe yana kallo. Ya sunkuya ya duba wandonsa. Sannan ya ce, "Alhaji, ina ga zan dawo wani lokaci."

Maigida ya raka shi, ya dawo ya ce wa Auta ranar Asabar ko kaset ya shiga ko kwamfuta ta fita.

Ashe da Auta ya tattara rubutun, gyaran ɗan kaɗan ne, a wuri ɗaya. Ranar Juma'a na wuce, ƙafafuna suka bi ni. Na yi gudu, suka bi ni. Nas ta yi tsalle, ta sauko cikakkiya. Duk da haka sai da ya sa muka yi ta yi har la'asar, wai kada abin ya dawo.

Asabar da hantsi 'yan'uwa suka cika falo. Auta ya ce injin ba zai ɗauki bikin duka ba, sai wurin Dada kawai, don haka ya naɗe zaren da hannu zuwa inda nake tsammani. Ya saka kaset a bidiyo. Aka kunna. Hoto ya yi tsalle, ya yi layi-layi, sannan ya zauna. Ga Dada a kan tabarma tana raba goro, kai da ƙafa duk nata. Ta ɗago ta ga mai kyamara, ta nuna shi da yatsa.

"Kai ɗan nan, kawar mini da wannan abin. Ka ci abinci kuwa? Ku ba shi abinci, tun safe yake tsaye kamar maraya."

Tana rufe baki bidiyon ya yi kukan nan, zaren ya tsinke. Auta ya danna wani abu, sai ga ta ta dawo daga farko a cikin kwamfuta, tana raba goro. Muka yi ta sa shi yana maimaitawa, ana kuka ana dariya, Dada tana ta ba da umarni a ciyar da mutumin, har azahar ta kusa wuce mu.