Kakata Babarbariya ta cece ni daga kotu

Jama'a, yau saura ƙiris lido ya kai ni gaban alƙali!

Jiya ina buga lidon waya da wani baƙo, na cinye shi tas. Sai na rubuta masa: "Sannu gwani! Da ƙafa kake riƙe wayar?" Gatse ne kawai, wallahi.

Yau da hantsi sai ga kira daga gidan mai unguwa. Ashe mutumin Bafulatani ne daga Janfalan. Hotona na cikin wasan ya gane, don a rumfata yake cajin waya ranar kasuwar Makarfi! Takanas ya hawo babur. Wai na ci mutuncinsa gaban 'yan wasa, shi sai kotu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gwani fa na ce masa."

Mai unguwa ya ce, "Ƙafar fa, ita ma yabo ce? Zagi ne wannan, ana hukunta mutum a kansa."

Sai wani dattijo a gefe ya ce, "Ku dakata. Wannan ba jikan Fanna ba ne, Babarbariyar nan mai turaren wuta?"

Mai unguwa ya ce, "Af! Ashe wasan Barebari da Fulani ne. Babu shari'a tsakaninku. Malam, rama abinka."

Kai! Mutumin ya miƙe, ya gyara hula. Ya fara da kunnuwana, ya gangaro hancina, har tsohon kekena bai bari ba. Zaure ya kece da dariya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ma ina ƙara!"

Bafulatanin ya ce, "Zauna, bawana. Ban zo kan ƙafafunka ba tukuna."